Kaset Ɗin Da Aka Kai Wa Eseta

Duk wanda ya tashi a wannan ɓangare na garin Porirua, a ƙasar New Zealand, ya san Sieni, kuma da wuya in ba ta taɓa murɗe masa kunne ba. Yanzu ta tsufa, tana zama a bencin gaba a coci da farar hularta mai faɗi, jikoki na rige-rigen riƙe mata jaka. In ka ce wa yaran yanzu wannan tsohuwar ta taɓa tayar wa ƙauye guda hankali da wasan kwamfuta, dariya za su yi su ce zolaya ce. To ba zolaya ba ce.

Daga tsibirin Savai'i na ƙasar Samoa ta zo tana budurwa, da takardar zama ta 'yan watanni, ta ƙi komawa kamar yadda rabin unguwar suka yi. Ta samu ɗinkin rigunan kujerun mota a masana'anta, ta auri Ioelu, mutum mai sanyi da son barkwanci wanda daga baya ya zama dattijon coci, suka haifi uku. Ita kuwa ba sanyi a lamarinta. Hannunta da sauri, bakinta ya fi hannun sauri.

Tana da cikin na biyu mahaifinta ya rasu a ƙauye. Ba ta je ba. A lokacin in ta fita ƙasar ba mai barinta ta dawo, ga miji ga goyo. Ta aika duk abin da ake aikawa, har da kwalayen naman gwangwani, amma ƙafarta ba ta taka wajen ba.

Uwarta, Eseta, ba ta yi faɗa ba. Ta kaset ta hukunta ta. Da ma kaset ne ke kai gaisuwa tsakanin nan da can, ana cika shi da murya da waƙa a ba mai tafiya, can su ji, su shafe su cika nasu su maido a cikin gidan kaset ɗin da ya zo. To a kaset ɗin da ya biyo bayan jana'iza, Eseta ta gaida Ioelu, ta gaida jikoki, ta gaida fasto da matarsa, har maƙwabciyar da ba ta taɓa gani ba ta samu gaisuwa. Ta tsallake Sieni. Na gaba ma haka. Daga nan kaset ya daina zuwa gaba ɗaya. Sieni ta ɗora gidan kaset na ƙarshe, mai sunan Eseta a jiki, a saman kabad, ba wanda ya ƙara taɓa shi ko ya yi maganarsa. Daga baya takardu suka fito, hanya ta buɗe, amma ta ci gaba da cewa ai wadda ta daina gaisuwa ita ce za ta fara.

A wannan tsakanin ne injunan wasa suka cika gari. Shagon kifi da dankali na bakin titi ya ajiye guda biyu, yara suka koma can da zama, duk silin da aka ba su na burodi sai ya ƙare a cikin inji ana harbin jiragen sama. Sieni ce ta ɗauki yaƙin. Takan shiga shagon da rigar aiki ta fito da yara biyu, kunne ɗaya a kowane hannu, nata ne ko ba nata ba. A taron zumuntar mata ta miƙe ta ce caca ce aka yi mata fenti, kuma duk uwar da ta bar ɗanta a wajen ta shirya ziyarar gidan yari. Mata suka tafa mata.

Sai ga Ioelu ya shigo da kwamfuta, tsohuwar hannu, wai malamin makaranta ya ce nan duniya ta dosa. 'Yar baƙa ce mai maɓallan roba, ana haɗa ta da talabijin, wasanninta kuma a kaset suke, irin kaset ɗin kowa, ana sa shi a rakodan gidan a jona waya a jira ya gama shiga. Sieni ta ce ranar Asabar kawai, bayan wanki.

Wata Asabar yaran suka maƙale a wani wasa, suka gaji, suka fita ƙwallo suka bar shi a kunne. Ta zo da tsintsiya za ta kashe. Ba harbi a cikinsa, ba jirgi. Wani ɗan mutum ne a cikin sito, da akwatuna, da wuraren da aka yi wa alama, aikinsa ya tura kowane akwati mazauninsa. Ta tsaya tana kallo, ta ga ai yaran nan ba su da tunani, na hagu ya kamata a fara kawarwa. Ta danna don kawai ta tabbatar. Sai da ƙaurin shinkafa ya iso falo ta tuna da kanta.

Aikin safe take yi, Ioelu na yamma, yara suna makaranta. Akwai ɗan lokaci kowace rana da gidan nata ne ita kaɗai. Takan ja labule. Ta gama duk ɗakunan wasan, ta gano ashe mutum zai iya gina nasa ɗakin ya adana a kaset, ta shiga gini. Nata sun fi na masu wasan mugunta nesa ba kusa ba. Kaset ɗin kuwa ta cire na uwarta ta ɓoye a ƙasan akwatin tabarmi, ta sa nata a gidan mai sunan Eseta, ta mayar saman kabad. A duk gidan nan ne kaɗai ta tabbata hannu ba ya kaiwa. Ranar Laraba kuma ta je zumuntar mata ta ci gaba da zagin injuna.

Haka aka yi ta tafiya har ƙanenta Peni ya aiko da saƙo ta bakin Lagi, wata 'yar cocinsu mai yawan zirga-zirga. Idon tsohuwa ya tafi gaba ɗaya. Kuma wani yammaci, ba wanda ya tambaye ta, ta ce ko 'ya'yan Sieni da wa suke kama yanzu, ta ce in Sieni tana so ta aiko da kaset. Iyakar saƙon ke nan. Sieni ta sa Lagi ta maimaita shi har Lagi ta ce ita fa ba rakoda ba ce.

Ranar Lahadi bayan abincin rana aka yi ɗaukar murya. Ioelu ya yi addu'a, yara suka yi waƙa suka faɗi ajinsu. Sieni ta kore su, ta rufe ƙofa, ta fara, ta shafe, ta sake farawa. Ta faɗi abubuwa da yawa amma ba ta kai ga ainihin maganar ba. Ta ce gobe in ta dawo aiki za ta ƙarasa, tunda Lagi sai jibi. Ta bar kaset ɗin a cikin rakoda ta sa rakodan a kabad.

Washegari ta dawo ta tarar da Ioelu a bakin ƙofa yana ɗaure takalmi. Ya ce mata an matso da tafiyar Lagi, ta biyo da safe a gurguje, ya ba ta kaset ɗin, yanzu haka ta yi nisa.

Sieni ta wuce shi ta buɗe kabad, ta danna rakoda. Kaset na ciki. Ta ɗaga kai sama. Wajen da gidan kaset yake sai shatin ƙura.

"Wane kaset ka ba ta?"

"Na Eseta mana. Na ga kin sa sabo a tsohon gidan, na ce kin kyauta."

Ta zauna a ƙasa, a nan inda take tsaye. Ioelu ya zata jiri ne, ya tafi kawo ruwa. Ta ce ya ajiye ruwan ya miƙo mata kowane kaset daga na yara. Ta sa, ba ta jona wayar kwamfuta ba, ta ƙure murya ta danna.

Wanda bai taɓa ji ba ba zai gane ba. Da farko wata doguwar tsuwa ce mai shiga haƙori, sai ta fashe da ƙara kamar ana yanka kwano da zarto alhali ana shaƙe kaji. Ba numfashi, ba sassauci. Ioelu ya toshe kunne ya ce ta kashe. Ta ce wannan ne abin da ya aika wa uwarta.

Ya daɗe bai fahimta ba. Ya ce to me kaset ɗin yara ke yi a gidan kaset ɗin Eseta. Ta ce ba na yara ba ne. Ya dube ta, ya dubi talabijin, ya dubi labulen da kullum yake tararwa a ja.

"Ke?" ya ce a hankali. "Shugabar masu murɗe kunne?"

"Ioelu, ba yanzu ba."

"Ni da nake ce wa mutane matata addu'ar rana take yi."

Ya so ya yi dariya, amma ya ga fuskarta, dariyar ta koma ciki. Ranar bai je aiki ba. Ƙauyen ba waya. Suka kira wani ɗan'uwa a Apia, babban birnin Samoa, ya nemi direban bas ya kai saƙo kada a kunna, amma Lagi ba ta kwana a birni ba, ta bi jirgin ruwan farko zuwa Savai'i. Saƙon ya isa bayan an gama komai.

Peni ne ya yi tafiya har gidan waya ya kira. Muryarsa kamar ta wanda ya dawo daga binne mutum. Ya ce tsohuwa ta sa an yi mata wanka, ta sa farar rigarta ta coci. Ta sa an kira fasto, an kira dangin mahaifinsu, an sayo sabon batir. Gidan irin na can ne, ginshiƙai da rufi ba bango, duk wanda bai samu tabarma ba ya tsaya a waje yana gani. Fasto ya yi addu'a, shi Peni ya danna. Yara suka watse da gudu, karnuka suka ɗau haushi, wata tsohuwa ta fara kiran sunan Yesu. Ya kai hannu zai kashe, Eseta ta ce ya bari. Ta zauna a miƙe, fuskarta a wajen rakodan, ana ta wannan ƙarar, ƙarar ta tsaya ta sake tashi, ta tsaya ta sake tashi. Da ya ƙare ta ce a juya. Ɗaya gefen ba komai sai huci. Shi ma sai da ta ji shi har ƙarshe, tana jira ko akwai murya a wani wajen. Sannan ta ce a gode wa baƙi, a faɗa wa Sieni ta ji.

Sieni ta faɗa masa gaskiya duka, a waya, tana jin kunyar kowace kalma. Peni ya ce zai gwada yi wa tsohuwa bayani. Da ya sake kira ya ce abin ya ƙara lalacewa. Tsohuwa ta ce ita ta haifi Sieni, yarinyar da ko tana ƙarama ba ta wasa, a ce wai tana da 'ya'ya uku tana wasa da akwati a talabijin? Ta ce wulaƙancin ya isa, ba sai an ɗora masa ƙarya ba. Kuma ta hana a ƙara kunna wani kaset daga New Zealand a gidanta.

"Yaya, kar ki aiko da wani," in ji Peni. "Ko na karɓa, a teku zai ƙare."

Kafin Lahadi labari ya riga ya zagaye coci, don waya ba a ɓoye take ba kuma Lagi tana da 'yan'uwa. Matan zumunta ba su ce komai ba a ciki. A waje ne wata ta tambaye ta ko za ta duba mata ɗanta a shagon kifi, tunda yanzu sana'arsu ɗaya. Wata ta ce a kawo mata kunnen Sieni ta rama wa nata. A da, da sun ji abin da ya fi ƙarfinsu. Ranar ko kallonsu ba ta yi ba. Ta nemi hutu a wajen aiki ta hau jirgi.

Ta sauka daga bas da rana tsaka. Kabarin mahaifinta na nan a ƙofar gida, an shafe shi da farin fenti, ta kasa kallonsa. Eseta na zaune jingine da ginshiƙi, ta ƙanƙance, idanun sun yi fari. Sieni ta shiga a sunkuye ta zauna nesa, ta naɗe ƙafa. Kafin ta gama zama mutane sun fara taruwa a inuwar bishiyoyi, kowa da ɗan aikin ƙarya a hannu.

Ta fara gaisuwa, tsohuwa ta katse ta. Ta ce ba ta son gaisuwa kuma ba ta son kuka. Abu ɗaya take so ta sani, me wancan ƙarar take nufi. Sieni ta maimaita abin da ta faɗa wa Peni. Eseta ta ce to a nuna mata.

Da me? Ƙauyen ba wuta, ba talabijin, matar kuma ba ido. Sieni ta zauna tana kallon ƙasa, tana jin mutane suna gyara tsayuwa. Sai ta ja wata tabarma zuwa gaban uwarta. Ta karya tsinken tsintsiya ta jera bango. Ta tsinci baƙar tsakuwa uku daga daɓen gidan, ta ce akwatuna ne. Ta aiki Peni ya kawo ƙananan ƙwanson teku, ta ce nan ne mazauninsu. Murfin kwalba ya zama ɗan mutumin. Ɗakin farko da ta taɓa ginawa ne, tana da shi a ka. Sannan ta kama hannun uwarta, karo na farko tun tana budurwa, ta bi da shi kan kowane abu.

Eseta ta shafa, ta sake shafawa. Ta tura tsakuwa ɗaya da murfin, ta tura, ta kai ta lungu. Ta ce a jawo ta baya. Sieni ta ce ba ya ja, turawa kawai yake yi.

"Wane irin ɗan dako ne ba ya ja?"

"Haka aka yi shi, Eseta."

"To ragon banza ne."

Wani ya yi dariya a waje, aka yi masa tsawa. Sieni ta mayar da tsakuwar, ta ɗora hannun tsohuwa a kan nata, ta bi hanyar a hankali, ta zagaya, ta kawar da ta tsakiya, ta dawo ta baya. Hannunta bai yi shakka ko sau ɗaya ba. Tsakuwa ta uku ta hau ƙwansonta.

Tsohuwa ba ta saki hannun ba. Wanda ya shekara yana saƙa ya san hannun da ya saba da abu, kuma wannan hannun ya saba. Ta tambaya ko irin wannan ɗakin guda nawa ne. Sieni ta ce da yawa. Ta tambaya ko kullum ne. Sieni ta ce kullum, da rana, in ba kowa. Bakin Eseta ya ɗan buɗe, ya tsaya a haka. Peni ya ce bai taɓa ganin uwarsu ta rasa abin faɗa ba sai ranar.

"Na zata ƙina kike yi," ta ce daga ƙarshe. "Shekara da shekaru ina shirya abin da zan faɗa wa mai ƙina, na shirya shi tsaf. Ban shirya komai ba saboda mai tura tsakuwa."

Ainihin kaset ɗin mai muryoyinsu na cikin jakar Sieni, ba ta ko taɓa shi ba. Ta ce ba ta zo jana'iza ba don ba hanya. Ta ce da hanya ta buɗe ma ba ta zo ba, kuma wannan ba laifin takarda ba ne, tsoro take ji, ta gwammace ta zauna a bayan labule da ta zo ta ji abin da za a ce mata. Muryarta ba ta fita sosai ba, na waje suka yi ta tambayar juna me ta ce.

Eseta ta saki hannun. Ta ce mai maganar, mahaifinta, yana nan kwance a ƙofar gida, ta je ta faɗa masa.

Sieni ta fita ta zauna a gefen kabarin, cikin rana, ba hula. Ba wanda ya kai mata ruwa don ba a ba da izini ba. Mutane suka gaji suka watse. Ta zauna har inuwar gidan ta iso inda take, har aka buga ƙararrawar addu'ar yamma, har aka gama. Ba ta san matsayinta ba. Bas na komawa da safe, kuma ba wanda ya ce mata ta sauke jaka.

Aka kawo wa tsohuwa abinci a kan ganye, gwaza da madarar kwakwa da gasasshen kifi. Ita ke fara ci, saura su jira. Matar Peni ta ɗauki mafici za ta kore mata ƙuda, Eseta ta ce ta ba waccan ta waje, hannunta ba abin da yake yi. Sieni ta shigo ta durƙusa tana fifita. Tsohuwa ta ci a nutse, ta cinye tsoka, ta wanke hannu. Sai ta lalubi bakin ganyen ta tura shi gaban Sieni, da kan kifin a kai, rabon da ake ba mai daraja, ba a taɓa shi ba.

Peni ya dubi ganyen ya dubi yayarsa. Ya ce shi ya kamo kifin nan tun da asuba, kuma tun da asuba yake sa rai da kan.

"Kai ka ci wutsiya," in ji Eseta. "Ke kuma ci, kin rame kamar ba a dafa abinci a ƙasar taku."